'Ya'yanmu Da Karatun Jinya Da Likita: Ina Gudummawar 'Yan Kasuwa?

A wannan makon muna so mu ɗan ajiye maganar farashin shadda da canjin naira da sefa da wahalar da ake sha a shingayen hanya, mu taɓo wata magana da ta shafi gidan kowane ɗan kasuwa, ko a Mubi yake ko Kuseri ko Garwa-Bulai ko Kye-Ossi. Maganar kuwa ita ce ta yaranmu da ke karatun jinya da ungozoma da likita, da irin taimakon da muke ba su, ko kuma irin cikas ɗin da muke kawo musu ba tare da mun sani ba.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya faru a nan unguwarmu ta Briqueterie da ke Yawunde, wadda aka fi sani da Birik. Wata baiwar Allah mai cikin wata 8 ta wayi gari da ciwon kai mai tsanani, fuska da ƙafafu sun kumbura, idanunta na ganin dishi-dishi. Tsofaffin gida suka ce ai nauyin ciki ne, a jiƙa mata magani ta sha ta kwanta. Sai ƙanwar mijinta, wadda ke shekara ta 2 a makarantar jinya, ta ɗauko 'yar na'urar awon jini da ta saya da kuɗin adashenta ta gwada ta, ta ga 170 bisa 110. Nan take ta garzaya shagon yayanta ta ce, "Yaya, don Allah ka rufe shagon nan mu kai Anti asibiti yanzu." Shi kuwa sai ya ce, "Ke dai akwai karambani, daga shiga makaranta har kin zama likita?" Da ta ga haka sai ta koma wurin mahaifiyarsu tana kuka ta ce, "Inna, ki sa baki, wallahi idan aka kai dare jijjiga za ta kama ta." Da tsohuwa ta yi magana ne aka nemi mota. A asibiti aka tabbatar da abin da yarinyar ta faɗa, aka kwantar da matar, aka ba ta magani, aka ciro jaririn kafin lokacinsa. Yau uwa da ɗa suna nan lafiya, alhamdu lillahi.

To, mene ne yarinyar nan ta sani wanda dattawan gidan ba su sani ba? An koya mata cewa akwai cutar masu ciki da ke farowa daga mabiyiya, ta sa jijiyoyin jinin uwa su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da sinadarin gina jiki cikin fitsari, ruwa ya taru a jiki, idan kuma abin ya taɓa ƙwaƙwalwa sai jijjiga, wadda ke iya tafiya da uwa da abin da ke cikinta. Saboda ta fahimci yadda wannan ke haifar da wancan, da ta ga kumburi da ciwon kai da dishi-dishi a jikin mutum ɗaya sai ta gane inda aka dosa.

Wannan shi ne karatun da muke magana a kai. Duk ɗalibin jinya ko likita, a Kamaru yake ko Nijeriya ko Nijar, sai ya bi ta darussa uku da su ne tushe. Na farko shi ne sanin sassan jiki da inda kowanne yake. Na biyu shi ne sanin yadda kowane sashe ke aiki idan mutum na da lafiya. Na uku kuwa shi ne sanin yadda cuta ke ɓata wannan aiki, mataki bayan mataki. Darussan nan suna da nauyi, kuma a nan ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe. A ganinmu babban dalili shi ne yadda yaranmu ke ɗaukar karatun a matsayin hadda. Mai bi ta ƙofar masu kwafin takardu a lokacin jarrabawa zai ga ɗalibai sun yi layi suna sayen tambayoyin shekarun baya, su koma gida su haddace amsa: ta ɗaya A, ta biyu C. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani wajen gwada kai bayan an yi karatu. Amma wanda ya tsaya a kansu kaɗai, da zarar malami ya juya tambayar ta wata fuska sai ya rikice. Idan ma ya yi sa'a ya haye, ranar da aka kawo masa mara lafiya da tsakar dare babu wanda zai jera masa amsa huɗu ya zaɓi ɗaya.

Mu 'yan kasuwa ne ya fi dacewa mu gane wannan, domin mun san bambancin yaron shagon da ya haddace farashi da wanda ya san kaya. Na farko idan sefa ta motsa ko aka kawo sabon samfuri sai ya tsaya yana jiran maigida. Na biyu ya san daga ina kayan suka fito, nawa aka kashe a hanya, zai iya yanke ciniki shi kaɗai. Irin na biyun muke so a gefen gadon iyayenmu.

Bari mu kawo wasu misalai don mai karatu ya ga cewa ilimin nan bai yi nisa da rayuwarmu ta yau da kullum ba. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma zuciya na tura kusan duk wannan adadi ya zagaya jiki a cikin minti ɗaya, tana bugawa sau 60 zuwa 100. Idan awon jini ya riƙa tsayawa a 140 bisa 90 ko fiye, shi ne hawan jini. Yawancin masu shi ba sa jin komai, alhali yana nan yana gajiyar da zuciya, yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Alhazai nawa muka sani da suka sha magani wata ɗaya, suka ji daidai, suka ajiye? Ɗalibin da ya fahimci darasin zai iya zama da mahaifinsa ya bayyana masa cewa maganin yana riƙe jinin ne, ranar da aka daina zai sake hawa. Zai kuma gaya masa dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire: gishiri na riƙe ruwa a jiki, ruwa kuwa idan ya yi yawa a jijiya sai matsi ya ƙaru.

Haka ƙoda. Kowace ɗaya tana da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Direbobinmu da masu dako da ke haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kullum, a cikin zafin rana ba tare da shan isasshen ruwa ba, suna rage jinin da ke isa waɗannan matatai ne. Ƙarshen irin wannan hanya ga wasu shi ne injin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda yake cinye jari.

Ga kuma amai da gudawa, wadda ta yi ɓarna a Arewa Mai Nisa a 2010, ta sake ɓarkewa a ƙasar nan a ƙarshen 2021, har ta iso Yawunde. Ƙwayar cutar na sakin guba da ke sa hanji ya riƙa kwararo ruwa da gishiri, mutum ya bushe cikin 'yan awoyi. Masana aikin jiki ne suka gano cewa ko a wannan hali hanji na iya tsotse gishiri idan yana tare da suga, ruwa kuma ya biyo gishirin ya koma jiki. Daga nan aka samo ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya a kan hanyar zuwa asibiti. Wanda ya san dalilin ba zai cika suga da yawa ba, domin ya san yawansa na ƙara janyo ruwa cikin hanji.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Ƙwayar cutar na fara sauka a hanta, ta hayayyafa, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Shi ya sa yaro ke yin fari fat har a ce sai an ƙara masa jini. Kamaru ce ƙasa ta farko a duniya da ta sanya rigakafin wannan zazzaɓi cikin alluran yara na yau da kullum, an kuma ƙaddamar da shi a Soa, kusa da Yawunde, ranar 22 ga Janairun 2024. Mu da ke aiki a rediyo mun ji irin tambayoyi da jita-jitar da suka biyo baya, mun kuma ga cewa uwa ta fi sakin jiki idan wadda ke mata bayani 'yar unguwarsu ce, da harshenta. Sai amosanin jini, wato sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya na rayuwa kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, kuma suna lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon da ke hana yaro barci. Idan miji da mata duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. A al'ummar da auren zumunci ya yi yawa irin tamu, gwajin jini kafin a ɗaura aure zai raba gidaje da dama da wannan baƙin ciki.

Yanzu mu dubi inda muke zaune. Daga Birik zuwa Babban Asibitin Yawunde da ke Messa tafiya ce ta ƙafa. Cibiyar Pasteur, wadda aka kafa a 1959, tana nan gefensa. Makarantar likitoci ta farko a ƙasar nan, wadda aka buɗe a 1969 da sunan CUSS ƙarƙashin Farfesa Gottlieb Monekosso, tana Melen, yau ita ce tsangayar likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. A Arewa ma yanzu akwai tsangayar likitanci a Garwa. A tsallaken iyaka ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Bayero a Kano, ga ta Maiduguri, kowacce da asibitin koyarwarta. Kakanninmu sun zauna a wannan unguwa tun zamanin Turawa. Mun yi suna a tsire da kilishi da ɗinki da sayar da yadi, har mutanen gari na kiran wurin masu tsirenmu ma'aikatar suya. To amma mai shiga asibitocin nan ya tsaya ya duba, masu farar riga nawa ne ke iya gaisawa da tsohuwarmu da Hausa ko Fillanci?

Wannan giɓi yana da illa. Tsohuwa ta ce tana da "basir", ko "shawara", ko "sanyi", ko "zuciyarta na tashi". Kowace kalma a cikin waɗannan tana ɗauke da cututtuka daban-daban. Shawara kaɗai na iya zama ciwon hanta, ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma kowanne da maganinsa. Jikan da aka ɗauko ɗan firamare don ya yi tafinta da Faransanci ba zai iya warware wannan ba, ballantana a ce mace ta faɗi matsalar mahaifa ta bakin ɗan cikinta. Haka nan likitan da bai san al'adarmu ba ba zai tambayi mai jego game da kunun kanwa da wankan jego ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta, domin kanwa na riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan. Ko ma dai yaya, sai wanda ya san gidan Bahaushe kuma ya san aikin zuciya ne zai iya yi wa kaka wannan bayani ba tare da ta ji an raina ta ba.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Na farko, karatun na da tsawo da tsada: jinya shekara 3, likita kimanin shekara 7 a Kamaru, 6 a Nijeriya, alhali yaron da aka ba jari yana iya yin aure ya gina gida kafin ɗan'uwansa ya gama. Na biyu, akwai waɗanda suka gama jinya suna zaune babu aikin gwamnati, ko suna aiki a ƙananan asibitoci da albashin da bai taka kara ya karya ba, wasu kuma sun tsallaka Turai da Kanada. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce wa yaro takardar jinya na nufin albashin gwamnati ya yaudare shi. Amma mu tambayi kanmu, nawa gida ɗaya ke kashewa a shekara wajen maganin da bai dace ba, da jinyar da aka makara, da rufe shago don zaman asibiti? Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa dubu 50 ne a shekara. Ko an haɗa da littattafai da abinci da kuɗin mota, akwai gidajen da abin da suke kashewa a kayan lefe da akwatunan biki guda zai ɗauki nauyin ɗalibi shekara da shekaru. Sannan mu da muka iya kafa shago daga tire, me zai hana mu haɗa jari mu buɗe wa yaranmu da suka ƙware ɗakin shan magani ko na haihuwa mai lasisi a garuruwan kan iyaka, inda asibiti ke da nisa?

Na uku, akwai masu ƙyamar 'ya mace ta yi kwanan asibiti ko ta karanci tsiraicin jiki. Amma mu ne dai ke ƙorafi idan namiji ya karɓi haihuwar matanmu. Idan kowa ya hana 'yarsa, 'yar wa za ta duba matarsa? Malamai irin su Imam Gazali sun lissafa likitanci cikin farillan da idan al'umma duka ta bari ta yi laifi. Rufaida al-Aslamiyya ta yi jinyar masu rauni a tantinta a Madina tun zamanin Manzon Allah (SAW). Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu fiye da shekara 300 kafin William Harvey na Ingila ya wallafa littafinsa kan zagayawar jini a 1628. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani. Saboda haka ilimin nan gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

To mene ne abin yi? Na farko, mu ba ɗalibi lokaci. Yaron da ya wuni a aji da ɗakin marasa lafiya, ya dawo aka ce ya tsare shago har ƙarfe 10 na dare, ko yarinyar da aka jibga wa girki da wanki da reno, yaushe za su zauna su fahimci aikin ƙoda? Awa biyu ko uku a kullum, da fitila da wurin da babu hayaniya, sun fi kuɗin kashewa amfani a wurinsu. Na biyu, a fara tun daga sakandare. Ana shiga makarantun likita a Kamaru ne ta jarrabawar ƙasa, kuma sai mai ƙarfi a ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi ke hayewa. A Nijeriya ma sai an ci waɗannan darussa a WAEC ko NECO, sannan JAMB. Yaron da aka cire daga aji duk ranar kasuwa ba zai kai can ba. Na uku, kafin a biya ko sisi a makarantar kuɗi, uba ya je da ƙafarsa ya ga takardar izinin gwamnati, ya tambayi asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki. Wanda ɗansa zai yi karatu a tsallaken iyaka ya bincika tun farko ko hukumar likitoci ko ta ma'aikatan jinya ta ƙasar da zai yi aiki za ta karɓi takardar. Mun san wani bawan Allah da ya biya kuɗin shekara 3 a wata makaranta, sai a ƙarshe ya gano takardar ba ta da amfani a ko'ina.

Na huɗu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai su ware wani abu daga asusunsu don ɗaliban lafiya marasa ƙarfi, su sayi manyan littattafai a ajiye wuri ɗaya kowa ya amfana, maimakon kowane ɗalibi ya dogara da kwafe-kwafen da rabin shafi ba ya karantuwa. Na biyar, kada mu mayar da ɗalibi likitan gida tun bai gama ba. A saurare shi idan ya ce a tafi asibiti, amma kada a matsa masa ya yi allura ko ya rubuta magani, domin wannan ganganci ne da rai, kuma yana iya jawo masa kora.

Ku kuma ɗalibai, shawararmu gare ku ita ce duk darasin da kuka karanta, ku rufe littafin ku gwada bayyana shi ga Inna ko Kaka da Hausa. Idan kuka kasa, to ba ku gane ba tukuna, ku koma ku sake. Ku riƙa tambayar kanku dalilin kowace alama: me ya sa mai ciwon suga ke yawan fitsari da ƙishirwa? Saboda sugan da ya yi yawa a jini ya fi ƙarfin ƙoda, ya zube cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Wanda ya riƙe wannan zaren, ko ta ina aka juya tambaya zai amsa. Ku kuma guji sayen amsa ko biyan wani ya gyara muku maki, domin takardar da aka samu ta wannan hanya wata rana rai za ta ci, wataƙila ma na ɗan'uwanku.

Yayan yarinyar nan da muka ba da labari, mun ji cewa yanzu shi ke biyan kuɗin makarantarta, ya kuma sa an ɗauke mata aikin gida a lokacin jarrabawa. Sai da matarsa ta kai bakin kabari kafin ya gane. Fatanmu sauran 'yan kasuwa su gane tun abin bai zo gidajensu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.